Girman Shekaru da Girman Muƙami: Harshen Mu'amala Tsakanin Manya da Matasa a Wuraren Aiki a Minna

1.0 Gabatarwa

A kusan kowace ma'aikatar gwamnati a Minna, babban birnin Jihar Neja, akwai wani yanayi da ya zama ruwan dare har an daina lura da shi. Za a tarar da dattijo mai furfura, wanda ya yi shekara talatin yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana tsaye gaban tebur. A bayan teburin kuma ga saurayin da bai wuce sa'ar ɗansa na uku ba, wanda bisa ƙa'idar aiki shi ne mai ba shi umurni. Da safe dattijon ne zai ce "ranka ya daɗe". Da la'asar kuwa, in an haɗu a masallaci ko wurin ta'aziyya, saurayin ne zai rusuna ya yi gaisuwa. Mutum biyu ke nan, kowannensu babba ne kuma kowannensu ƙarami ne, gwargwadon ma'aunin da aka ɗauko.

Masana harkar gudanarwa sukan ɗauki wannan a matsayin matsalar shugabanci, wato yadda za a tafiyar da ma'aikatan da suka bambanta a shekaru da tarbiyya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kaso mai tsoka na matsalar a bakin mutane yake: sunan da aka kira mutum da shi, sigar da aka ba shi umurni da ita, harshen da aka zaɓa aka yi masa faɗa, da kuma abin da ake nufi idan an ce "to". Misalan da aka kawo jimloli ne na yau da kullum, waɗanda duk mai jin Hausa zai iya auna su da kunnensa.

2.0 Minna, Garin Aikin Albashi

Ba kamar Kano ko Katsina ko Bida ba, Minna ba tsohon birni ne mai ganuwa ba. Mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, har lokacin da Gwamna Girouard ya sa aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a gaɓar Kwara, a 1907. Hanyar ta biyo ta Minna ta isa Kano a 1911, daga baya kuma aka haɗa ta a nan da layin da ya taso daga Ikko. Masanin tarihi Michael Mason ya nuna cewa yawancin waɗanda suka yi wannan aiki tsakanin 1907 da 1912 ba da son ransu suka zo ba, ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su. Ashe tun ran farko aikin albashi a wannan yanki da ƙafa biyu ya shigo: ikon Bature mai agogo da takarda, da ikon basarake mai rawani. Kalmomin da zamanin ya bari suna nan a Hausa: lebura, heluma, akawu, masinja, kwangila. Ta ƙarshen ma sunan tsohuwar unguwa ce a cikin garin.

Garin ya zama hedikwatar Lardin Neja. A 1967 lardin ya shiga Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, sa'an nan a ranar 3 ga Fabrairu, 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Neja, ma'aikata suka kwaso kayansu daga Sakkwato suka dawo gida. A 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Sakamakon duk wannan shi ne gari wanda Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Fulani da Kamuku da Kambari da Yarbawa da Ibo suke aiki kafaɗa da kafaɗa, Ingilishi ne harshen takarda, Hausa kuma harshen baranda da kasuwa da tasha, ko da yake ga jama'a masu ɗimbin yawa ba ita ce harshen uwa ba. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, za a kuma komo gare shi.

3.0 Su Wane ne Manya, Su Wane ne Matasa?

Littattafan gudanarwa da ake karantarwa a jami'o'in ƙasar nan sun ari rabon da Amurkawa suka yi wa kansu: waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai rukunin X daga 1965 zuwa 1980, sai na Y daga 1981 zuwa 1996, sai na Z. Kowane rukuni an ba shi halayensa, kamar yadda ake ba taurari. Amma Karl Mannheim, wanda ya aza harsashin wannan nazari a 1928, cewa ya yi abin da ke haɗa tsara ɗaya shi ne al'amuran da suka same su tare a lokacin ƙuruciya. In haka ne, babu dalilin da zai sa shekarun da suka raba Amurkawa su raba mutanen Bosso ko Chanchaga. Shekarun da suka raba ma'aikatan Minna daban suke: 1976, shekarar sabuwar jiha da shirin ilimin firamare kyauta, 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar albashi, 2001, da wayar salula ta shigo, da 2004, da gwamnatin tarayya ta kawo fansho na karo-karo. Wanda ya fara aiki lokacin da albashin wata kan kai wata, da wanda bai taɓa ganin haka ba, ba ma'ana ɗaya suke ba kalmar "haƙuri" ba.

Ƙa'idojin aiki su ne suka haddasa cin karon girma biyu da aka ambata. Tun bayan rahoton Hukumar Udoji na 1974 aka jera ma'aikata a matakai daga 01 zuwa 17, takardar shaidar ilimi kuma ita ke yanke inda mutum zai fara. Akawu mai takardar sakandare yakan fara daga mataki na 04, mai digiri kuwa daga na 08. Saboda haka ɗan shekara ashirin da biyar yana iya shigowa yau ya tarar da kujerarsa tana sama da ta wanda ya yi shekara goma sha biyar yana jiran ƙarin girma. A ɓangaren fita kuma, dokar gama-gari ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, amma dokar 2012 ta kai ritayar farfesoshi zuwa shekara 70, ta 2022 kuma ta kai ta malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami a ɗakin malamai ƙaruwa ta yi ke nan. A gareji da kasuwa da tasha kuwa ba a san ritaya ba, sai ƙarfi ya ƙare.

4.0 Abin da Aka Gada

Haɗa uba da ɗa da jika a aiki ɗaya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Shi ne gandu. Polly Hill, a nazarinta na Ɓatagarawa kusa da Katsina wanda ya fito a 1972, ta bayyana gandu a matsayin yarjejeniya mai haƙƙi ta kowane ɓangare: 'ya'ya suna noma gonar gida, maigida kuma yana ɗauke da ciyarwa da haraji da kayan aiki da auren fari, yana kuma ba ɗa gayauna da lokacin da zai nome ta. Haka S.F. Nadel ya tarar a ƙasar Nufe a littafinsa na 1942, inda ake kiran aikin gida na tarayya *efako*, na ƙashin kai kuma *buca*. Abin lura a binciken Hill shi ne, gandun uba da 'ya'ya yakan ɗore, amma na wa da ƙane bai cika daɗewa bayan rasuwar uba ba. Wato inda tazara ta yi faɗi an fi samun zaman lafiya, inda ta matse a nan ake rabuwa.

A gandu girman shekaru da girman iko a hannu ɗaya suke. Tsarin da ya raba su shi ne barantaka, wadda M.G. Smith ya yi bayaninta a ƙasar Zazzau, Abner Cohen kuma ya same ta tana tafiyar da cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. A nan ne kalmar *yaro* ta rabu da shekaru. Mai shekara sittin yana iya zama yaron mai shekara talatin da biyar, kuma ya faɗa da bakinsa ba tare da jin ƙasƙanci ba: "Ni yaron Alhaji wane ne." Haka nan a fada, in an naɗa saurayi sarki, dattawan da suka goye shi su ne na farkon faɗuwa gaisuwa. Hausa ke nan ba ta rasa kalmomin da babba zai bi ƙarami da su ba.

To, me ya sa ofis ya zama daban? Dalili shi ne, *ubangida* kalma ce mai ɗauke da bashi. Wanda ya amsa ta ya amsa ɗinkin salla da ragon suna da tsayawa ranar da ɗan baransa ya shiga hannun hukuma. Tsohon masinja ko direba da ya kira matashin jami'i "maigida" da wannan ma'ana yake kiransa, yana kuma sa ran ganin alamarta. Matashin kuwa, wanda albashinsa ko kansa bai riƙe ba, ji yake laƙabi ne kawai na ladabi. Bayan wata shida sai a ji dattijon yana cewa "yaran yanzu ba su san mutunci ba", matashin kuma yana cewa "tsofaffin nan sun cika roƙo". Kowannensu yana da gaskiya bisa ƙamus ɗinsa. Wataƙila wannan ne ya sa kalmar *oga*, wadda aka aro daga Yarbanci, ta samu karɓuwa haka a garuruwa irin Minna: tana nuna fifiko ba tare da ta ɗora wa kowa nauyin ragon suna ba.

5.0 Sunan Kira

Brown da Gilman, a maƙalarsu ta 1960, sun nuna yadda harsunan Turai suke rarrabe iko da zumunci ta hanyar wakilin suna, kamar *tu* da *vous* a Faransanci. Yarbanci ma yana da irin wannan, domin yaro ba ya ce wa babba *o*, sai *ẹ*. A Hausa ana samun masu ce wa mutum ɗaya *ku* don girmamawa, amma abin bai zama dole ba, kuma ɗa yana iya ce wa mahaifinsa *ka* ba a ga laifinsa ba. Nauyin girmamawa a Hausa ya fi faɗawa kan sunan kira da kan lamirin nan da ba ya fayyace mutum, wato *a*, *an*, *ana*, *aka*.

Matashin da aka ba shugabancin sashe yana da zaɓi kamar haka in zai kira tsohon akawunsa: sunan yanka tsirara, ko *Malam* da suna, ko *Alhaji*, ko *Baba* da suna, ko *Baba* kawai. Na farko ƙa'idar aiki ba ta hana shi ba, domin haka sunan yake a takardar albashi. Amma a kunnen Bahaushe, da na Banufe da Bagbagyi, yaro ya kira sa'ar ubansa da sunan yanka a gaban mutane zagi ne wanda ba a kai ƙararsa, sai dai a rama ta wata hanya, kuma hanyar ita ce fayil ya ɓace kwana uku. *Malam* da suna shi ne tsaka-tsaki, shi ya sa ya fi yawa. *Baba* ya fi daɗi, sai dai yana da farashi: wanda ya ce Baba ya amince da zama ɗa, ɗa kuwa ba ya ba ubansa takardar tuhuma. Jami'ai da yawa sun gano haka a ranar da suka so hukunta wanda suka shekara suna kira Baba.

Ta ɗaya ɓangaren, dattijo yana da *ranka ya daɗe* da *yallaɓai* da *oga* da *sa*, yana kuma da makami guda wanda ƙa'ida ba ta san da shi ba, wato ya ce *ɗana* ko *yarona*. In an faɗe su a keɓe, ƙauna ce. In an faɗe su a taron ma'aikata, tunatarwa ce cewa kujerar aro ce. Mace shugaba matsalarta ta fi haka, domin *Hajiya* da *Madam* da *ranki ya daɗe* duk suna nan, amma *'yata* da *yarinyar nan* sun fi saurin fitowa daga bakin dattijo, kuma in ta nuna ɓacin rai sai a ce ta cika girman kai.

Akwai wata al'ada da ke juya tsarin gaba ɗaya. Bahaushe ba ya ambaton sunan mahaifinsa, don haka in sabon ma'aikaci ya ci sunan mahaifin darakta, sai a ji darakta mai shekara hamsin da biyar yana kiran ɗan shekara ashirin da huɗu *Babana* ko *Mai-suna*. Wanda bai san al'adar ba sai ya ɗauka son kai ne, kuma a gaskiya wani lokaci yakan zama hakan, don da wuya mutum ya tsawata wa mai sunan ubansa.

5.1 Sigar Umurni

A dubi waɗannan jimloli, waɗanda duk buƙata ɗaya suke isarwa:

(1) a. Kawo fayil ɗin.
b. Ka kawo fayil ɗin.
c. A kawo fayil ɗin.
d. Baba, a ɗan taimaka da fayil ɗin nan.
e. Baba, ko fayil ɗin nan yana kusa?

Daga (a) zuwa (e) mai magana yana ƙara ja da baya ne daga fuskar wanda yake umurta. A (c) an cire mutumin daga jimlar, aikin kawai aka bari, kamar dai kowa ma zai iya yinsa. A (d) an ƙanƙanta aikin da *ɗan*, an kuma mai da wajibi taimako. A (e) babu umurni ko kaɗan a zahiri, tambaya ce, sai mai hankali ya gane. Wannan shi ne abin da Brown da Levinson suka yi dogon bayani a kansa a 1987 da sunan kare mutuncin abokin magana, Bahaushe kuma ya daɗe da saninsa da sunan *sakaya zance*.

Babba ga ƙarami yana da 'yancin amfani da kowacce daga cikin biyar ɗin. Ƙarami ga babba, ko da shi ne shugaba, daga (c) zaɓinsa yake farawa. Matsalar ita ce (e) ba ta da wa'adi. Jami'in da kwamishina ke jira ba zai iya dogara da "ko yana kusa?" ba, domin amsarta tana iya zama "za a duba". Waɗanda suka ƙware sukan fita daga wannan tarko ta hanyar jingina umurnin ga wani na sama da ba ya wurin:

(2) Baba, sun ce ƙarfe goma suke son fayil ɗin nan, kada su ga laifinmu.

*Su* ɗin nan ba a faɗi ko su wane ne ba, *-mu* kuma ta sa shugaba da akawu a layi ɗaya, dukansu yaran wani. An sami wa'adi, ba a kuma taɓa furfura ba. Abin mamaki shi ne babu kwas ɗin horar da sababbin jami'ai da ke koyar da wannan jimla, alhali ta fi rabin abin da ake koyarwa amfani.

A nan ne batun Hausa a matsayin harshe na biyu yake shigowa. Wanda ya koyi Hausa a kasuwa yakan tsaya a (a) da (b), wani lokaci ma ya ce wa mace *ka*. Dattijo Bahaushe yakan yafe masa abin da ba zai yafe wa ɗan Kano ko ɗan Kontagora ba, yana cewa ai ba harshensa ba ne. Yafiyar tana da kyau, amma kalmar da ake yi mata rakiya da ita, *gwaranci*, ba ta dace ba ko'ina, balle a garin da Gbagyi ne masu masauki.

5.2 "To"

Kalmar da ta fi kowace jawo rashin fahimta ita ce mafi gajarta. *To* tana iya nufin na yarda, ko na ji amma ban yarda ba, ko ka gama in tafi, ko za ka gani. Tsawon wasali da karin murya da inda ido ya kalla su ke rarrabewa. Dattijon da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a musu da shugaba a gaban jama'a ba zai ce "wannan tsari ba zai yi aiki ba". Zai ce "to", ko "to, Allah ya sa", ko "in sha Allahu" da wata irin murya. Matashin shugaba sai ya rubuta a rahoton taro cewa kowa ya amince. Bayan wata guda, da abin ya lalace, sai dattijon ya ce ai ya faɗa. Kuma ya faɗa ɗin, da harshen da ba a ji ba.

Haka abin yake in an juya. Matashi da ya ce a taro "ni ban yarda ba, ga dalilina" yana ganin ya yi abin da makaranta ta koya masa, ya kuma yi wa ma'aikata hidima. Manya kuwa abin da suka ji shi ne fitsara. Dalilin nasa, komai kyansa, ya riga ya faɗi tun kafin a saurare shi.

5.3 Hausa ko Ingilishi

A ofisoshin Minna zaɓen harshe zaɓen ma'auni ne. Ingilishi yana tafiya da matakin albashi, Hausa tana tafiya da shekaru. Shugaba matashi da yake hira da dattijo da Hausa, in ya juya zuwa Ingilishi a tsakiyar magana, ya sanar ke nan cewa wasa ya ƙare, yanzu kujera ce ke magana. Dattijon kuma in ya ci gaba da amsawa da Hausa, ko da ya iya Ingilishi, ya ƙi amincewa da sauyin ke nan. Ana iya yin minti biyar ana wannan ja-in-ja ba wanda ya ɗaga murya. Takardar tuhuma da Ingilishi ake rubuta ta, kuma wannan yana sauƙaƙa wa mai sa hannu, domin akwai maganganun da ba zai iya faɗa wa sa'ar ubansa da Hausa ba ko da an ɗaure shi. Roƙon a janye ta kuwa da Hausa ake zuwa yi, sau da yawa a gida, da rakiyar wani dattijo.

Wayar salula ta ƙara wani sabon fage. Gaisuwar Hausa doguwa ce, ana tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a zo ga buƙata. Matasa sun taƙaita ta a rubutu zuwa *slm* da *ykk* da *lfy*. Tsakaninsu ba laifi. Amma darakta da ya ga *slm sir* a WhatsApp, buƙata kuma ta biyo baya nan take, ji yake kamar an shigo masa ɗaki da takalmi.

6.0 Jika da Kaka

Da a ce tazarar shekaru ita ce tushen rikici, da mafi tsufa da mafi ƙuruciya su ne za su fi kowa rashin jituwa. Abin da ake gani akasin haka ne. Masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ake turowa kowace shekara tun da aka kafa shirin a 1973, sun fi sabawa da tsofaffin masinjoji da masu gadi fiye da kowa. Rikici ya fi tsanani tsakanin mai shekara hamsin da mai talatin da biyar, waɗanda ke hangen kujera ɗaya, kamar dai gandun wa da ƙane.

Radcliffe-Brown ya bayyana dalilin a maƙalarsa ta 1940 kan wasannin barkwanci: a al'ummomi da dama, tsakanin iyaye da 'ya'ya nauyi ne da kunya, tsakanin kakanni da jikoki kuwa wasa ne. Haka yake a Hausa, inda uwa ba ta ko ambaton sunan ɗan fari, amma kaka tana kiran jikanta *mijina*, jikanya kuma *kishiya*. Ma'aikata sun kwashi wannan tsari sun shigo da shi ofis ba tare da kowa ya umurce su ba. Tsoho yana ce wa ɗan bautar ƙasa rago ne, ba zai iya noma kunya ɗaya ba, shi kuma yana ce masa ya kusa tafiya a raba gado. A cikin wannan wasa ake faɗin gaskiyar da ba ta faɗuwa a taro, ta nan kuma labarin ma'aikata yake gangarowa: wane ne ba a shiga wurinsa kafin ya sha shayi, wace takarda ce in ta shiga wane ofis ba ta fitowa. Shugaba mai wayo yakan gane cewa saƙon da ba zai iya kai wa mataimakinsa kai tsaye ba yana iya bi ta wannan hanya.

Sai dai wasan yana da iyaka da zamani ya sa masa. Tsoho ya kira budurwa 'yar bautar ƙasa *amaryata*, a ƙauyensu ba wanda zai ɗaga kai. Yarinyar da ta zo daga Inugu ko Akure, ko ma Bahaushiyar da ta tashi a birni, ba dole ba ne ta san wasa ne, kuma ba dole ba ne ta karɓa ko da ta sani. Akwai kuma waɗanda ke fakewa da al'adar su yi abin da ba wasa ba. Wasan jika da kaka yana inganta ne in ɓangarorin biyu sun san dokarsa, kuma kowanne yana da ikon cewa ya isa.

7.0 In Ilimi Ya Gangaro Daga Ƙasa

A gandu da maƙera da majema, ilimi daga sama yake gangarowa, shi ya sa biyayya take da riba: yaro yana haƙuri da maigida don abin da ke kan maigida. Kwamfuta ta karya wannan tsari. Tun da aka fara biyan albashin ma'aikatan tarayya ta na'ura a 2007, aka kuma ajiye tafireta, sai ya zamana abin da ofis ya fi buƙata a yau yana hannun mafi ƙuruciya. Haka a garejojin garin: ogan da ke gane ciwon mota da kunne yanzu yana jiran yaron da zai jona mata na'ura ya karanta abin da ta ce.

Hausa ba ta tanadi sigar da ƙarami zai karantar da babba da ita ba, in ban da a fagen ilimin addini, inda malami malami ne ko da ɗan shekara ashirin ne. "Bari in koya maka" daga bakin yaro zuwa ga dattijo ba ta faɗuwa. Abin da ake ji shi ne:

(3) a. Bari in nuna yadda suka ce a riƙa yi.
b. Ai ku kuka san aikin, wannan latse-latse ne kawai.

A (a) an sake kiran *su* ɗin nan da ba a gani, yaro ya zama ɗan aike. A (b) an raba *aiki* da *latse-latse*, aka bar wa dattijo na farko. Jimlar ladabi ce, amma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Akwai ilimin da bai taɓa shiga takarda ba balle na'ura: inda iyakar fili ta tsaya kafin a yi titi, wane hakimi ake fara gaisarwa in an je rangadi, dalilin da ya sa aka dakatar da wata kwangila shekara ashirin da suka wuce. Takardar miƙa aiki da mai ritaya ke rubutawa da Ingilishi shafi biyu ce ko uku, jerin kujeru da kabad da fayiloli. Sauran yana tafiya da shi gida.

Shi ya sa ba a rasa ganin jami'i mai mataki na 12 ya ajiye motarsa a wani lungu a Limawa ko Tunga da yamma, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarmar wanda shekara biyu da suka wuce yake ce masa "ranka ya daɗe". Za a gaisa, a tambayi jiki da iyali, a yi maganar fansho da bai fito ba, a ajiye ɗan abin goro. Sai an miƙe za a tafi, an kai bakin zaure, sa'an nan baƙon zai juyo ya ce, "Af, Baba, na tuna, fayil ɗin nan na filin makaranta, ko an san inda aka sa shi?"